Kilamidiya: ciwon sanyin da ke shiga ba sallama, da ranar da gwaji zai iya kama shi

Mutum ya kwana da wata ba tare da kwaroron roba ba, ko kuwa robar ta fashe, a daren Asabar. Litinin da sassafe ya garzaya lab ya ba da fitsari, Laraba aka miƙo masa takarda cewa ba a ga komai ba, ya ninke ta ya sa a aljihu, hankalinsa kwance. In dai kilamidiya ake nema, wannan takarda ba ta wanke shi ba. An yi gwajin tun ƙwayar cutar ba ta yi yawan da za a gan ta ba, sannan da wuya a ce gwajin da aka yi masa irin wanda ke iya ganinta ne. Kuskuren rana da kuskuren nau'in gwaji, su ne suka fi barin mutane suna yawo da wannan cuta suna zaton lafiyarsu ƙalau.

Kalmar "ciwon sanyi" a bakinmu buhu ce da aka tara abubuwa da yawa a ciki. Akwai gonoriya, akwai kilamidiya, akwai tirikomonas, akwai kandida mai sa ƙaiƙayi da farin ruwa gudaji-gudaji kamar kindirmo, akwai ciwon mafitsara, har da ruwan gaba na lafiya wanda mace ke gani a tsakiyar wata, shi ma akan jefa shi cikin buhun. Kowanne ƙwayarsa daban, gwajinsa daban, maganinsa daban. A cikin cututtukan bakteriya da ake ɗauka ta jima'i, kilamidiya ce ta fi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sabon kamuwa kusan miliyan 129 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Halin ƙwayar cutar

Wanda ya gane yadda wannan ƙwaya take rayuwa, sauran bayanin duk zai zo masa da sauƙi. Sunanta na kimiyya Chlamydia trachomatis. Bakteriya ce, amma ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar jikin mutum. Kama biyu gare ta. Akwai ƙarama mai tauri, wadda ke fita daga jikin wani ta shiga na wani, ta manne wa lallausar fatar cikin bakin mahaifa, ko bututun fitsari, ko dubura, ko maƙogwaro, ko ido. Da zarar ta kutsa cikin ƙwayar halitta sai ta lulluɓe kanta da wata 'yar jaka, ta rikiɗe ta zama babba mai rarrabuwa, ta yi ta ninkuwa, sannan 'ya'yan su koma ƙananan nan masu tauri, su fasa su fito su kama maƙwabta. Zagaye ɗaya yana cin kwana biyu zuwa uku. Bakteriyar da ke kawo ciwon mafitsara kuwa tana iya ninka kanta cikin minti 20 idan ta sami wuri mai daɗi. Kilamidiya 'yar sannu ce, kuma daga wannan sannu-sannun ne jinkirin alamu, da jinkirin gwaji, da tsawon kwanakin magani suka samo asali.

Saboda wannan ɓuya tata, an daɗe ana ɗaukarta bairos. Ludwig Halberstaedter da Stanislaus von Prowazek ne suka fara hango jakunkunan nata a 1907 a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya, suna binciken ciwon ido, amma sai a 1957 Tang Feifan da abokan aikinsa a Beijin suka iya renonta a cikin ƙwan kaza. Ciwon idon nan shi ne amosanin ido da muka sani a ƙauyukan Arewa da Nijar. Gida ɗaya suka fito, amma reshe daban: nau'in A, B da C su ne na amosanin ido, ƙudaje da hannu da tsumman goge fuska ke yaɗa su, nau'in D zuwa K kuma su ne na al'aura. Tsohuwar da gashin idonta ya juya yana sukar ƙwayar ido ba ta da alaƙa da cutar jima'i.

Ta al'aura ana ɗaukarta ne ta saduwa ta gaba, ta dubura, ko ta baki, kuma ba sai an zubar da maniyyi ba, don haka zarewa a zubar a waje ba kariya ba ce. Uwa na iya ba jariri lokacin haihuwa. Hannun da ya taɓa ruwan gaba ya murza ido na iya kai ta ido. Masai kuwa, da buta, da kujera, da wanka a kududdufi ɗaya, ba sa kawo ta, domin ba ta jimawa a waje take mutuwa. Maganar "a bayi na ɗauko infekshan" tana rufa wa mutane asiri, amma tana hana a nemi abokin kwana a yi masa magani, wanda shi ne rabin aikin.

Alamu, ga wanda suka zo masa

Kimanin mata bakwai cikin goma, da kusan rabin maza, ba sa jin komai. A dubura da maƙogwaro shirun ya ma fi haka. Idan alamu za su zo, sukan bayyana ne mako ɗaya zuwa uku bayan saduwa, wani lokaci kuma sai bayan watanni, lokacin da cutar ta hau sama.

A namiji, abin da aka fi gani shi ne ɗan ruwa tsinkakke, fari-fari ko garai-garai, a bakin mazakuta, musamman da asuba kafin fitsarin farko, ko ɗan tabo a gajeren wando. Akwai zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, da wani ƙaiƙayi a can cikin bututun wanda hannu ba ya kaiwa. Gonoriya ta fi ta gaggawa da hayaniya: cikin kwana biyu zuwa bakwai take kawo mugunya mai kauri, rawaya ko kore-kore, da zafi kamar ana yanka. Amma ido ba ya raba su da tabbas, kuma sau da yawa tare suke tafiya.

A mace, alamun sun fi rikitarwa domin suna kama da na wasu abubuwa: ƙaruwar ruwan gaba ko sauyin launinsa, zafin fitsari, ciwon mara, jin zafi a can ciki lokacin saduwa. Alamar da ya kamata ta ɗaga hankali, wadda kuma aka fi yi wa sakaci, ita ce ɗigon jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, domin bakin mahaifar da ya kumbura da an taɓa shi yake jini. Ƙaiƙayi mai tsanani a waje kuwa ya fi nuna kandida, ƙarni irin na kifi ya fi nuna rikicewar ƙwayoyin farji. 'Yan mata da amare masu ƙananan shekaru sun fi saurin kamuwa, saboda irin fatar da ƙwayar ke so ta fi fitowa fili a bakin mahaifarsu.

Alamu kan lafa da kansu bayan 'yan makonni ko ba a sha komai ba, ƙwayar kuwa tana nan. A nan masu maganin sanyi na lasifika suke samun shaida: mutum ya sha jarka guda, zafin fitsari ya tafi, ya rantse maganin ya yi.

Ranar gwaji

Gwaji mafi inganci yana neman ƙwayar gadon bakteriyar ne ya ninka ta har a gani. Komai ƙarfinsa, sai akwai abin da zai ninka a cikin samfurin. A kwana biyu ko uku na farko ƙwayar ba ta gama zagayenta na ɗaya ba. Zuwa mako guda akan kama da yawa daga waɗanda suka kamu, amma ba duka ba. Shi ya sa asibitocin cututtukan jima'i a Birtaniya suka tsaya a kan kwana 14: ana iya gwaji kafin nan, in ya nuna akwai to akwai, a fara magani, amma in ya nuna babu sai an maimaita bayan mako biyu sun cika. Daga saduwa ta ƙarshe ake ƙirgawa. Wanda abin ya faru da shi ranar 1 ga wata, ranar 15 ce ranarsa. In ya sake saduwa ba kariya ranar 10, lissafi ya koma 24.

Wannan jira na wanda ba shi da alama ne kuma bai san halin abokin kwanansa ba. Wanda ya ga ruwa, ko jini, ko yake jin zafi, yau zai je, ba ya jiran kwana 14, domin alama ta nuna ƙwayar ta riga ta yi yawa. Wanda kuma aka tabbatar abokin kwanansa na da ita, ana ɗaukar samfurinsa a ba shi magani a ranar, ba a jiran sakamako.

Kwana ukun farko ba na zaman banza ba ne, sai dai aikinsu daban. Maganin kariya daga kanjamau bayan haɗari, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, gara ma a ranar farko, kuma kwana 28 ake shansa. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa ma a cikin waɗannan kwanaki ta fi aiki. Wadda aka yi wa fyaɗe, waɗannan biyun ne gaba da komai, kuma akan haɗa mata da maganin kilamidiya da gonoriya nan take. Sauran cututtukan kowace da agogonta: gonoriya ana duba ta a samfuri ɗaya da kilamidiya a kwana 14, kanjamau gwajin jinin jijiya na zamani yana kama kusan kowa zuwa kwana 45, na tsinken yatsa kuwa sai kwana 90 ake sakankancewa, tunjere ma yakan kai wata uku.

A cikin mako biyun jira, abu biyu ake kiyayewa. Kada a sadu da kowa, har matar gida ko mijin gida, sai da roba. Kuma kada a biya kemis a sayi Ampiclox ko wani kafso a haɗiye "don wanke jiki". Irin wannan shan ba ya kashe kilamidiya, amma yana iya danne ta ta yi likimo, gwaji ya fito ba komai, daga baya ta farfaɗo. Wanda ya riga ya sha, ya faɗa wa likita sunan maganin da ranar da ya sha.

Wane gwaji

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Gwajin fitsari da aka saba rubutawa M/C/S, da na ruwan farji da ake rubutawa HVS, shuka samfurin ake yi a faranti mai abincin bakteriya a jira a ga abin da zai tsiro. Kilamidiya ba ta tsirowa a faranti, tunda sai cikin rayayyar ƙwayar halitta take girma. Takardar mai kilamidiya takan fito da wata siffa da ya kamata a gane: an rubuta ƙwayoyin mugunya da yawa a fitsarin, a ƙasa kuma an rubuta babu abin da ya tsiro bayan awa 48. Matashi mai zafin fitsari da irin wannan takarda, kilamidiya ce farkon abin zargi. Wani lokaci kuma farantin ya tsirar da sitaf, bakteriyar da ke zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, wadda ta faɗa cikin samfurin wajen ɗauka. Sai a shafe watanni ana allurai ana yaƙi da sitaf, mai laifin na gefe.

Gwajin jini ma ba ya amsa tambayar. Abin da yake aunawa sojojin garkuwar jiki ne, waɗanda kan daɗe ba su bayyana ba bayan kamuwa, kuma su zauna shekaru bayan an warke. Yana da ɗan amfani a asibitin neman haihuwa, inda ake son sanin ko an taɓa kamuwa a baya, amma ba ya faɗin ko akwai ƙwayar yau. Gwajin kafin aure da aka saba yi, irin wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, jini ake ɗiba a duba kanjamau, ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Takardarsa ba ta cewa komai game da kilamidiya. Akwai kuma 'yan katunan gwajin gaggawa masu fitar da layi biyu kamar na ciki. Yawancin tsofaffin nau'insu suna kuskure masu cutar da yawa, don haka layi ɗaya a kansu ba abin dogaro ba ne.

Abin da za a nema da suna shi ne gwajin PCR na kilamidiya da gonoriya, wanda likitoci ke rubutawa NAAT, wato gwajin nan mai neman ƙwayar gadon bakteriyar. Ana samunsa a wasu asibitocin koyarwa da manyan lab masu zaman kansu, kuma ya fi sauran tsada. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitoci da yawa tana iya yin sa cikin kimanin minti 90, amma sai da kwanson gwajin kilamidiya, wanda daban yake da na tari, kuma ba ko'ina ake ajiye shi ba. Gara a buga waya a tambaya kafin a biya kuɗin mota.

Yadda ake ba da samfurin

Namiji fitsari yake bayarwa, amma akasin yadda aka koya masa a gwajin mafitsara. A can ana cewa a zubar da na farko a tari na tsakiya. A nan na farkon ake so, domin shi ne ke wanko ƙwayoyin halittar bututun da cutar ke ciki. Ya riƙe fitsari aƙalla awa ɗaya, wasu lab suna cewa biyu. Kada ya wanke ko ya goge bakin mazakutar kafin ya fara. Ya tara kwalbar tun ɗigon farko, ya sami kamar cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu, wato mililita 15 zuwa 30, ya janye kwalbar ya ƙarasa a masai. Cika kwalba fal kuskure ne, tsarma samfurin yake yi.

Mace kuwa tsinken auduga na farji ya fi fitsari kamawa, kuma wanda ta ɗauka da hannunta daidai yake da wanda ma'aikaciya ta ɗauka. Wannan ya kamata mata su sani, domin kunyar buɗe jiki tana hana da yawa zuwa. Za ta wanke hannu, ta riƙe tsinken a tsakiya ba tare da ta taɓa audugar ba, ta zura shi kimanin santimita 5, wajen tsawon ɗan ƙaramin yatsa, ta juya shi yana gogar bango na daƙiƙa 10 zuwa 30, ta zaro ba tare da ya shafi fatar waje ba, ta tsoma shi cikin 'yar kwalbar da ke da ruwa, ta karya sandar a inda aka yi mata tsaga, ta rufe da kyau. In ruwan kwalbar ya zube, sai a karɓi sabuwa. Gara a bar matsi, da wankin ciki, da maganin cusawa tun kwana guda kafin gwajin. Jinin al'ada galibi ba ya hana gwajin, amma a faɗa wa mai karɓa.

Samfuri na gaba ba ya ba da labarin dubura ko maƙogwaro. In an yi saduwa ta can, can ake shafawa da tsinke daban. Likita ba zai sani ba sai an faɗa masa, kuma ba don ya yi wa'azi yake tambaya ba.

Akwai kuma lalacewar da ba laifin mai gwaji ba. Fitsarin da aka tara ya kamata a juye shi cikin kwalbar adanawa cikin awa 24, kuma yawancin kwalaben an tsara su ne don zafin da bai wuce digiri 30 ba. Samfurin da ya yini a but ɗin mota a watan Afrilu tsakanin Sakkwato da wani gari ya sha abin da ba a tsara masa ba. Ko na'urar ma an taɓa yi mata wayo: a 2006 aka gano wani nau'in kilamidiya a Suwidin da ya zubar da ɗan yankin ƙwayar gadon da wasu gwaje-gwaje ke nema, ya yi ta yaɗuwa ana ba masu shi sakamakon babu, har sai da kamfanoni suka sake tsara gwajin.

Inda babu PCR ko babu kuɗinsa, ƙananan asibitoci a Najeriya da Nijar suna bin tsarin magani bisa alamu: namijin da ya zo da ruwa a gaba, a ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya tare. Ga maza wannan tsari yana aiki sosai, kuma ya fi zama ana jiran gwajin da ba za a samu ba. Ga mata yana da rauni, domin yawancin ruwan gaba ba daga kilamidiya yake ba, mai kilamidiyar kuma galibi ba ta da ruwan da zai kawo ta asibiti. Hanyar da aka fi kama irin wannan mace ita ce ta mijinta: duk namijin da aka yi wa maganin ruwan gaba, matarsa ma a ba ta, ko ta ce ba ta jin komai.

Abin da take yi idan an bar ta

A mace, ƙwayar kan tashi daga bakin mahaifa ta hau mahaifa ta shiga bututun ƙwai. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na matan da ba a yi wa magani ba suna kaiwa ga kumburin mara. Cikin bututun ƙwai shimfiɗe yake da wasu 'yan gashi ƙanana masu kaɗawa, su ke tura ƙwai zuwa mahaifa. Kumburi yana ƙone waɗannan gashin, ya bar tabo. In tabon ya toshe bututun gaba ɗaya, maniyyi da ƙwai ba sa haɗuwa. In ya ƙuntata shi kawai, maniyyi ya wuce, amma ƙwan da aka yi wa baye ya maƙale a hanya, ciki ya zauna a wajen mahaifa. Magani yana kashe ƙwayar, ba ya goge tabo, kuma kowane sabon kamuwa yana ƙara ɓarna a kan ta baya. Mata da yawa ba sa jin sunan kilamidiya sai bayan shekaru da aure, ranar da hoton mahaifa ya nuna bututu a toshe.

Ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi ko amai na asibiti ne a ranar. Macen da al'adarta ta yi jinkiri, ta ji suka a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini, da jiri ko suma, a ɗauke ta zuwa inda ake tiyata ba tare da an tsaya kemis ba.

A namiji takan gangara ta kumbura jijiyar da ke bayan ɗan maraina, galibi gefe ɗaya, ciwon na ƙaruwa a hankali cikin kwanaki. Ciwon maraina da ya zo farat ɗaya da tsanani, musamman ga saurayi, yana iya zama murɗewar maraina, wadda ke buƙatar tiyata cikin kimanin awa shida, don haka ba a zama a ce sanyi ne. Kaɗan daga masu cutar, galibi maza, suna samun kumburin gwiwa ko idon sawu da jan ido makonni bayan kamuwa. Kumburin da take haddasawa a al'aura kuma yana sauƙaƙa wa kanjamau shiga.

Magani da agogon bayansa

Maganin farko shi ne doksisaikilin, wanda ake rubutawa doxycycline a kwali, miligiram 100 safe da yamma na kwana bakwai. Azitiromaisin giram 1 a sha sau ɗaya shi ne madadinsa, ya fi sauƙin sha, amma bai kai doksisaikilin ba, musamman idan cutar na dubura. Mai ciki ba ta shan doksisaikilin, azitiromaisin ake ba ta. Flagyl ba ya taɓa kilamidiya, allurar seftiriyazon da ake yi wa gonoriya ma haka, shi ya sa ake haɗa ta da ƙwayoyin kwana bakwai. Idan cutar ta kai ga kumburin mara, maganin ya zama haɗi na kwana 14, likita ne zai tsara.

Doksisaikilin yana da ladubba. A sha shi da kofi cike da ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan rabin awa, domin in ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. Mai azumin da ya haɗiye shi da sahur ya koma shimfiɗa nan take, shi ne ya fi gamuwa da wannan. A ba da ratar awa biyu tsakaninsa da nono, madara, maganin ƙarin jini da farin maganin olsa na ruwa, saboda suna riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini. Yana tayar da zuciya in ciki ba komai, a ɗan ci wani abu. A kwana na uku alamu kan ɓace, nan mutane ke ajiye sauran "saboda gaba", alhali ƙwayar da ke cin kwana uku a zagaye ɗaya ba a gama da ita ba.

Ba a saduwa sai an gama kwana bakwai na doksisaikilin, ko kwana bakwai sun wuce bayan azitiromaisin, kuma sai abokin kwana shi ma ya gama nasa. Ana neman duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce, ko na ƙarshe in an fi haka. A gidan mace fiye da ɗaya, maigida da uwargida da amarya duk a mako ɗaya za su sha. In aka bar mutum ɗaya, rabon kwana zai mayar da ita kowane ɗaki, a yi ta cewa magani ba ya ji.

Sakamakon gwaji ba ya faɗin ranar da aka kamu ko wanda ya kawo. Ƙwayar na iya zama shiru watanni, a wasu fiye da shekara, don haka tana iya kasancewa tun kafin auren, ko daga auren baya. Yakan faru ma a gwada ma'aurata a sami ɗaya da ita ɗaya babu, saboda jikin wasu yana kawar da ita da kansa a hankali, ko ɗayan ya sha wani magani don wata larura. Takardar lab ba hujjar shari'a ba ce a kan kowa.

Kada a koma gwajin PCR da wuri don a ga ko an warke. Gawar ƙwayar tana nan har makonni uku zuwa huɗu, na'urar kuma ba ta bambanta matacciya da rayayya, sai ta ce akwai. Wanda ya sha magani daidai kuma alamu suka tafi ba ya buƙatar gwajin warkewa. Abin da ake so shi ne ya sake gwaji bayan wata uku, saboda sake kamuwa ya zama ruwan dare, kuma warkewa ba ta barin garkuwa. Mai ciki ce ake gwadawa bayan kimanin mako huɗu a tabbatar ta rabu da ita, a kuma maimaita bayan wata uku.

Dalilin wannan kulawa shi ne jaririn. Wanda ya ɗauka wajen haihuwa, idonsa kan kumbura ya yi ja yana kwantsa tsakanin kwana 5 zuwa 14, wato daidai hidimar suna, lokacin da ake cewa a ɗiga masa nono a ido. Na gonoriya ya fi saurin zuwa, cikin kwana biyu zuwa biyar, kuma yana iya makantarwa cikin ɗan lokaci. Wasu jariran kuma sai a wata ɗaya zuwa uku su fara wani tari mai yankewa-yankewa da saurin numfashi, galibi ba zazzaɓi. Man ido da ake shafa wa jarirai a ɗakin haihuwa ba ya hana na kilamidiya yadda ya kamata, kuma maganin ɗigawa kaɗai ba ya warkar da shi, tunda ƙwayar na cikin hanci da maƙogwaro ma. Na sha ake ba jariri, eritiromaisin na kwana 14 ko azitiromaisin na kwana uku bisa nauyinsa, a kuma ba uwa da uba nasu maganin a wannan zuwan.